Wasiƙa Kan Jita-jitar da ke Bin Mawaƙa Har Kabari

Zuwa ga aminina Malam Habibu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya, ina sanar da kai cewa saƙonka ya iso ni, kuma na ga tambayar da ka yi a ƙarshensa game da makaɗin nan na Amurka da aka ce ya sayar wa Shaiɗan ransa domin hannunsa ya iya kiɗa. Na lura cikin raha ka yi ta, amma ka taɓo mini inda yake yi mini ƙaiƙayi, domin na daɗe ina bin diddigin irin waɗannan labarai, har na kai ga ganin cewa mafi yawansu ƙanzon kurege ne, sun kuma danne 'yan kaɗan ɗin da suka cancanci a yi tambaya a kansu.

Sunan mutumin Robert Johnson, baƙar fata ne ɗan jihar Misisipi, an haife shi a 1911, ya mutu ranar 16 ga Agusta 1938 yana da shekara 27. Duk abin da ya bari a duniya waƙoƙi 29 ne, waɗanda aka naɗa a San Antonio a 1936 da kuma Dallas a 1937. Abin da ake faɗa shi ne ya saɓi jitarsa da tsakar dare ya nufi wata mararraba, Shaiɗan ya karɓa ya daidaita masa tsirkiyoyinta ya miƙo masa, daga ranar babu wanda ya sake kamo ƙafarsa. Abin da ya ba maganar ƙarfi shi ne shaidar wani makaɗi da ya girme shi, Son House, wanda ya sha faɗin cewa a farko yaron ba ya iya komai sai damun mutane da hayaniya, sannan ya ɓace na wani lokaci, da ya dawo kuwa sai ga shi yana kiɗan da ya bar manya da sakin baki. To, masu bincike sun gano inda ya shiga a wannan tsakanin. Yana wurin wani gwanin jita mai suna Ike Zimmerman yana ɗaukar darasi, kuma sukan tafi maƙabarta da daddare su yi ta gwaji, saboda can ne babu maƙwabcin da zai fito ya ce sun hana shi barci. Wani abin dariya kuma, labarin mararrabar asalinsa a kan wani mawaƙi daban ake ba da shi, Tommy Johnson, wanda suna kawai ya haɗa su, sai daga baya aka cire rigar aka sa wa wanda ya fi shahara.

Abin da ke ɓata mini rai a nan, Malam Habibu, shi ne an ƙwace wa bawan Allah guminsa. Mutum ya yi watanni yana murza tsirkiya har yatsunsa suka yi kanta, amma mutane suka ga ya fi musu daɗi su miƙa ladan ga Shaiɗan. Inda ainihin duhun yake kuwa, wato mutuwarsa, ba a cika damuwa da shi ba. Sai a 1968 aka gano takardar shaidar mutuwarsa, ba a rubuta sanadi a cikinta ba face cewa babu likitan da ya duba shi. Ana raɗe-raɗin wani miji mai kishi ne ya zuba masa guba a giya, amma ba a taɓa gurfanar da kowa ba, kuma a kewayen garin Greenwood akwai wurare uku da aka kafa alamar kabari da sunansa.

Wani labarin da ya fi wannan ban mamaki shi ne na Paul McCartney na ƙungiyar mawaƙan Ingila ta Beatles, wanda aka kashe shi da baki yana zaune da ransa. A watan Oktoba na 1969 wani ya buga waya wani gidan rediyo a Detroit ya ce Paul ya mutu a haɗarin mota tun 1966, an kuma sa wani mai kama da shi a madadinsa. Nan da nan matasa suka duƙufa neman hujja a bangon faifan ƙungiyar mai suna Abbey Road, wanda bai daɗe da fitowa ba. Ni ma na taɓa buɗe hoton a kwamfuta na ƙura masa ido. Su huɗu ne a jere suna tsallaka titi a Landan, Paul ne kaɗai ba takalmi, ga sigari a hannunsa na dama alhali shi bahago ne, can baya kuma ga wata ƙaramar Volkswagen a gefen titi da lamba mai ƙarewa da 281F, wadda aka karanta a matsayin 28IF, ita kuwa IF a Turanci tana nufin "da". Aka ce rashin takalmin alamar gawa ce, jerin nasu na masu rakiyar jana'iza ne, lambar motar kuma tana nufin da yana raye da ya cika shekara 28. Sai dai an haife shi a 1942, ke nan shekararsa 27 a lokacin, amma wanda ya riga ya yanke hukunci ba ya tsayawa lissafi. Sai da mujallar Life ta bi shi har gonarsa a Sukotlan ta ɗauko hotonsa da iyalinsa a watan Nuwamba kafin ƙurar ta lafa.

Mawaƙin Amurka Elvis Presley kuma akasin haka aka yi masa. Ya mutu a gidansa na Graceland da ke Memphis a 1977 yana da shekara 42, amma masoyansa suka ƙi yarda, suka kafa hujja da cewa an rubuta Aaron a kabarinsa maimakon Aron da aka saba gani, har a 1988 wasu suka ce sun gan shi a jihar Michigan. Wannan ban ɗauke shi da zafi ba, ƙauna ce ta rasa inda za ta sa kanta.

Ka kuma san zancen shekara 27. Brian Jones ya mutu a 1969, Jimi Hendrix da Janis Joplin a 1970, Jim Morrison a 1971, sai Kurt Cobain a 1994 da Amy Winehouse a 2011, dukkansu a wannan shekarar ta haihuwa, shi ya sa aka ce akwai wata la'ana a tattare da ita. Wani bincike da mujallar likitoci ta BMJ ta buga a 2011 ya bi rayuwar mawaƙa sama da 1,000 da faifansu ya taɓa zama na ɗaya a Birtaniya, bai ga wani tsalle na mace-mace a 27 ba. Abin da ya gani ya fi la'anar muni: mawaƙan sun fi sauran jama'a mutuwa da ƙuruciya gaba ɗaya, kuma kowa ya san rawar da ƙwaya da giya da rashin hutu suke takawa a wannan sana'a.

A nan dole in tona wa kaina asiri. Shekaru da dama na yi ina gaya wa mutane, da cikakken tabbaci, cewa 'yan leƙen asirin Amurka ne suka ba Bob Marley kyautar takalmi da wata waya a ciki ta soke shi a yatsa ta sa masa cuta, kuma ina jin kai ma na taɓa ba ka labarin. Ruwa ba ya tsami banza, domin da gaske 'yan bindiga sun harbe shi a gidansa da ke Kingston a watan Disamba na 1976, wanda ya san haka kuwa ba zai yi wuyar yarda da wani makircin ba. Amma abin da likitoci suka gano a 1977 nau'in ciwon dajin fata ne da ke tsirowa a ƙarƙashin farce, an ba shi shawarar yanke babban yatsan ƙafar ya ƙi, cutar ta bazu, ya mutu a Miami ranar 11 ga Mayu 1981 yana da shekara 36. Labarin takalmin ba shi da wata hujja, ni kuma da na yaɗa shi na hana masu saurarona sanin cewa baƙin tabo a ƙarƙashin farce abin kai wa likita ne.

Waɗanda suke a duhu da gaske ba su da wannan armashi. Makaɗin Amurka Glenn Miller ya hau ƙaramin jirgin saman soja daga Ingila zuwa Faransa ranar 15 ga Disamba 1944, har yau ba a ga jirgin ba, ba a ga gawarsa ba. An harbi mawaƙin Amurka Tupac Shakur a Las Vegas ranar 7 ga Satumba 1996 bayan ya fito daga kallon damben Mike Tyson, ya cika bayan kwana 6 yana da shekara 25. Wata shida bayan haka, ranar 9 ga Maris 1997, aka harbe wani mawaƙin, Christopher Wallace, wanda aka fi sani da Notorious B.I.G., a Los Angeles yana da shekara 24. Yayin da jama'a suka shagala da cewa Tupac yana raye ya ɓuya a Kyuba, shekara 27 cur aka yi kafin a kama wani, Duane Davis, a watan Satumba na 2023, a tuhume shi da hannu a kisan, duk da cewa ya daɗe yana faɗa a bainar jama'a cewa yana cikin motar da aka yi harbin daga cikinta, ko da yake a gaban kotu ya musanta laifin. Mahaifiyar Tupac ta rasu a 2016 ba ta ga wannan rana ba. Mahaifiyar Wallace kuwa ta yi shekaru tana fafutuka, har ta kai birnin Los Angeles ƙara, ta rasu a 2025 ba a tuhumi kowa da kisan ɗanta ba.

Idan ka sami sarari ka nemi waƙoƙin Johnson ɗin nan 29 ka saurara, ka kasa kunne ga yadda babban yatsansa ke riƙe da amon ƙasa yayin da sauran ke wani kiɗan daban a sama, sannan ka rubuto mini abin da ka ji. Ka gaida mini Hajiya da yara.

Wassalam, naka har kullum,
Aminu