Kada a tsallake Ishaku da rijiyoyinsa

Ya Edita,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri a gare ka da abokan aikinka. Na saurari shirinku kan kakannin Ibraniyawa, na kuma ƙaru, sai dai an daɗe a kan Ibrahim da Yakubu, Ishaku kuwa aka ambace shi sau ɗaya, a matsayin yaron da aka ɗora bisa bagade. A ganina ba a yi masa adalci ba, mutumin da ya yi shekara 180 a duniya, fiye da mahaifinsa mai 175 da ɗansa mai 147.

Halinsa yana fitowa sarai a babi na 26 na littafin Farawa a Littafi Mai Tsarki. Da aka yi yunwa, Allah ya hana shi gangarawa Masar, sai ya zauna a Gerar, ya yi shuka, ya girbe riɓi ɗari. Hassada ta sa Filistiyawa suka cike rijiyoyin mahaifinsa da ƙasa. Duk wanda ya taɓa leƙa rijiya ya ga mai haƙa a can ƙasa, gumi na zuba, ana jawo guga cike da laka, ya san girman wannan ɓarna. Ishaku ya yashe su, ya mayar musu da sunayen da Ibrahim ya raɗa. Bayinsa suka haƙa sabuwa, makiyayan Gerar suka ce ruwan nasu ne, ya kira ta Esek, wato jayayya, ya bar musu. Ta biyu ma haka, ya kira ta Sitna, wato gaba. Sai a ta uku aka ƙyale shi, ya sa mata Rehobot, domin Ubangiji ya yalwata masa wuri.

Kada a ɗauka tsoro ne ya sa shi janyewa, domin Abimelek, sarkin Filistiyawa, da bakinsa ya ce Ishaku ya fi ƙarfinsu. Ya dogara ne ga alkawarin da aka yi masa na ƙasar. Ba na ɓoye laifinsa: ya ce matarsa Rifkatu 'yar'uwarsa ce, ya kuma fifita ɗansa Isuwa a kan Yakubu saboda naman farauta, abin da ya raba gidansa biyu.

Ina roƙo a ware masa shiri guda, a kuma kai labarin har Biyasheba, inda Abimelek da mutanensa suka biyo shi neman sulhu, Ishaku ya yi musu liyafa ya sallame su lafiya, a ranar kuma bayinsa suka zo da albishir cewa sun sami ruwa.

Naku mai saurare,
daga Wusasa, Zariya