Agogon hannu ba ya auna sukarin jini, a gargaɗi marasa lafiyarmu

Ya mai girma Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku mai farin jini domin in ja hankalin jama'a da hukumomi kan wani abu da nake gani a wurin aikina na jinya, wato yadda masu ciwon sukari da masu hawan jini suka fara dogara da agogunan hannu na zamani, irin masu haɗuwa da manhajar waya, wajen sanin halin da jikinsu yake ciki.

Ba ina ƙin waɗannan agoguna ba ne. Suna ƙirga taku, suna nuna bugun zuciya, kuma na ga 'yan kasuwa da ma'aikatan ofis da suke wuni a zaune sun fara tattaki bayan sallar asuba saboda agogon ya nuna musu ƙarancin motsinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, don haka duk abin da zai tayar da mutum daga kujera abin maraba ne.

Damuwata ita ce masu arha da suka cika kasuwannin waya da shafukan sayayya na intanet, waɗanda ake tallata su da cewa suna auna hawan jini da sukari ba tare da an huda yatsa ba. Duk wanda ya juya bayan agogon zai ga wani koren haske yana ƙyaftawa. Jini yana shanye wannan haske, sai na'urar ta lissafa bugun zuciya daga yadda hasken yake raguwa da ƙaruwa. Wannan hanya ba ta ganin yawan sukarin da ke cikin jini. A ranar 21 ga Fabrairun 2024, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta gargaɗi jama'a cewa ba ta amince da wani agogo ko zobe da ke iƙirarin auna sukari da kansa ba. Na'urar gaskiya da ke aika sakamako zuwa waya ko agogo tana da ɗan siririn tsinke da ke shiga ƙarƙashin fata, kuma daban ake sayenta. Ko a ɓangaren hawan jini, agogon Samsung mai wannan fasaha sai an daidaita shi da na'urar da ake ɗaurawa a damtse duk bayan mako huɗu, balle wanda ba a san kamfanin da ya ƙera shi ba.

Na ga wani dattijo da ɗansa ya sayo masa irin wannan agogo da kyakkyawar niyya. Kullum yana nuna masa lamba mai daɗin gani, har ya ajiye maganinsa yana cewa ya samu sauƙi, amma da muka ɗaura masa na'ura a damtse sai muka tarar jinin ya wuce 140 bisa 90, wato awon da daga shi ake cewa mutum yana da hawan jini, nesa ba kusa ba. Na cire agogon na ɗaura shi a jikin robar ruwa a gabansa, sai ga shi ya kawo awo kamar a hannun mutum yake. Hawan jini ba ya sallama kafin ya shanye ɓarin jiki ko ya lalata ƙoda, shi kuwa mai yi wa kansa allurar insulin bisa lambar ƙarya yana iya faɗuwa a sume cikin sa'o'i kaɗan.

Abin ya fi tayar mini da hankali idan na tuna da azumi. Likitoci suna umartar mai ciwon sukari ya karya azumi idan awon sukarinsa ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300 a ma'aunin mg/dL, kuma wannan hukunci ba ya yiwuwa sai da awo na gaskiya, irin na ɗigon jini daga yatsa.

Saboda haka ina kira ga hukumar NAFDAC, wadda kayan aikin lafiya ke ƙarƙashin kulawarta, da ta binciki waɗannan agoguna ta hana tallata su da sunan awon cuta. Ina kuma roƙon likitoci da masu shagunan magani su riƙa tambayar mara lafiya da me yake awo a gida, gidajen rediyo su yi bayanin da Hausa, 'ya'ya masu son kyautata wa iyaye kuwa su sayi na'urar damtse da ta huda yatsa, su kai asibiti a koya musu amfani da su.

Wassalam.

Naku,
Wani ma'aikacin jinya,
daga Kano