A duba jijiyar ƙoda kafin a ƙara wa mai hawan jini magani na huɗu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mai albarka domin mu ja hankalin masu karatu, musamman ma'aikatan ƙananan asibitoci da masu kemis, kan wata larura da ake yawan tsallakewa, wato tsukewa ko toshewar jijiyar da ke kai jini ƙoda. Mutum zai shekara da shekaru ana canza masa maganin hawan jini, jini ya ƙi sauka, alhali tushen ciwon yana cikin wata jijiya da faɗinta bai wuce milimita 5 zuwa 6 ba.

Ƙodojin nan biyu suna karɓar kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke turawa, wajen lita guda a kowane minti. Idan hanyar ta tsuke, ƙoda sai ta ɗauka jini ne ya yi ƙasa a jiki baki ɗaya. Sai ta saki sinadarin renin, shi kuma ya tayar da wasu sinadaran da ke matse jijiyoyi, suna riƙe gishiri da ruwa. Jini ya hau ke nan, ita kuwa ƙodar tana can tana ƙanƙancewa don ƙishirwa. Tun 1934 Harry Goldblatt ya tabbatar da haka a Amurka, da ya matse jijiyar ƙodar karnuka jininsu ya hau.

Kusan tara cikin goma na masu wannan larura, kitse ne ya daskare musu a bakin jijiyar, daidai inda ta rabu da babbar jijiyar ciki. Yawanci sun haura shekara 50, masu shan taba ne ko masu ciwon suga. Sauran kuwa galibi mata ne masu ƙarancin shekaru, waɗanda bangon jijiyar ne ya yi kauri wuri-wuri, har ka gan ta a hoto kamar carbi.

Ciwon ba ya zuwa da zafi, don haka sai likita ya yi zarginsa kafin ya gan shi. Duk wanda hawan jini ya kama shi kafin ya kai shekara 30, ko ya taso masa da ƙarfi farat ɗaya bayan shekara 55, ko yake shan magani iri uku har da mai sa fitsari amma jinin bai sauka ba, a tuna da jijiyar ƙoda. Haka wanda ruwa ke cika masa huhu cikin dare ba zato, alhali zuciyarsa na aiki daidai. A sa abin sauraro a cikinsa, sama da cibiya kaɗan, wani lokaci za a ji ƙarar jini na kutsawa. Idan sikanin ya nuna ƙoda ɗaya ta fi 'yar'uwarta gajarta da fiye da santimita ɗaya da rabi, zargi ya ƙara ƙarfi.

Inda muka fi damuwa shi ne batun magungunan hawan jini irin su lisinopril da losartan da danginsu. Magunguna ne masu kyau, kuma ga wanda jijiya ɗaya ce ta tsuke masa suna cikin mafi amfani. Amma idan duka biyun ne suka tsuke, ko mutum mai ƙoda ɗaya ne, ƙodar tana dogara ne da sinadarin nan da renin ke tayarwa, wanda maganin ke toshewa, domin ta riƙe ƙarfin tace jini. Da an toshe shi, tacewa sai ta faɗi cikin 'yan kwanaki. Shi ya sa ƙa'ida ita ce a auna kiriyatinin (dattin jini da ke taruwa idan ƙoda ta gaza tacewa) da fotasiyam na jini kafin a fara maganin, a sake aunawa bayan mako ɗaya zuwa biyu. In kiriyatinin ya ƙaru da fiye da kashi 30 cikin ɗari, a dakata, a tura mara lafiya wurin likitan ƙoda. Mai kemis da ke miƙa lisinopril don kawai ya ga awo ya hau, don Allah ya ji tsoron Allah, ya fara tura mutum gwaji. Abin ya fi muni idan aka haɗa shi da maganin fitsari, sannan aka ɗora diclofenac ko ibuprofen don ciwon gwiwa, ga zafin bazara, ko amai da gudawa. Mai shan waɗannan ƙwayoyi in gudawa ta kama shi ya nemi likitansa a ranar, kada ya jira.

Bincike ana fara shi da sikanin mai auna gudun jini, wanda ba ya cutar da ƙoda. Gudun da ya haura santimita 200 a daƙiƙa cikin jijiyar yana nuna tsukewa mai ƙarfi. Sai dai aikin na buƙatar gwani, kuma teɓa ko iskar hanji kan rufe jijiyar, shi ya sa ake cewa mutum ya zo bai ci abinci ba. Hoton CT ya fi fito da ita sarai, amma ruwan da ake ɗurawa a jijiya domin hoton yana iya taɓa ƙodar da ta riga ta raunana.

Mutane da yawa da sun ji an ce toshewa sai su fara haɗa kuɗin aiki, wasu har da sayar da gona don tafiya Masar ko Indiya. A yi hattara. Manyan bincike guda biyu, ASTRAL na 2009 mai mutum 806 da CORAL na 2014 mai mutum 947, sun kwatanta masu shan magani kaɗai da waɗanda aka ƙara musu da buɗe jijiyar, ba a ga wani fifiko na a-zo-a-gani ba ga mafi yawan masu daskarewar kitse. Abin da ke riƙe su shi ne maganin hawan jini da ya dace, maganin rage kitse, aspirin in likita ya ga dacewa, daidaita suga, barin taba kwata-kwata, da rage gishiri zuwa ƙasa da giram 5 a rana, wajen ƙaramin cokali ɗaya, a lissafa har da dunƙulen magi da kanwa. Ana ajiye ragar ƙarfe, wadda ake sawa cikin jijiyar don ta zauna a buɗe, ga wanda huhunsa ke yawan cika da ruwa, ko ƙodarsa ke lalacewa da sauri, ko jininsa ya gagari magani. Ƙodar da ta riga ta ƙanƙance ƙasa da santimita 7 kuwa da wuya ta farfaɗo ko an buɗe. Mata masu jijiya mai kamar carbi su ne suka fi cin moriya: a zura siririn bututu ta matsematsi, a hura balan-balan a buɗe wurin, yawanci ba tare da raga ba, wasu har su rabu da magani.

Akwai kuma toshewar gaggawa, inda gudan jini ke tasowa daga zuciya mai bugu ba tsari ya toshe jijiyar ɗungurungum. Ciwon kwiɓi mai tsanani da amai, wani lokaci da jini a fitsari, sai a ɗauka tsakuwar ƙoda ce. In sikanin bai nuna tsakuwa ba, kuma bugun zuciyar mutumin a hargitse yake, a auna LDH a jini, wato sinadarin da ke hawa idan naman ƙoda ya lalace, a nemi hoton CT a ranar, domin maganin tsinka jini ba ya jiran gobe.

Wassalam,
Wasu ma'aikatan lafiya masu kula da masu ciwon ƙoda