Wasiƙa kan faya-fayan da Kawu ya bari

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ya iyali, ya jikin Hajiya, ya kuma ƙarin haƙurinmu? Allah Ya jiƙan Kawu, Ya kai haske kabarinsa. Mu nan Landan lafiya lau, sai sanyi da yayyafin da ba ya ɗaukewa.

Na ga hotunan akwatin faya-fayan garmahon da marigayi ya dawo da su daga karatu a Ingila. Ka ce masu rabon gado sun tsaya a kansu, ba su san kuɗin da za su yi musu ba, wani ma ya ce a haɗa su da tsofaffin jaridu. Kada a yi haka, kuma kada a sayar wa kowa tukuna, ko da ya zo da kuɗinsa a hannu. Amma kai ma kar ka soma sa rai da miliyoyi, domin kwalayen kawai ka ɗauko mini, kwali kuwa rabin labari yake bayarwa.

Kamfani yakan buga faifai ɗaya shekara da shekaru, hoto iri ɗaya, waƙoƙi iri ɗaya, har shekarar da ke kan takardar tsakiya ba ta canjawa. Za ka ga an rubuta 1966 alhali an matsa faifan bayan shekara goma. Masu tarawa bugun farko suke bi, na ƙasar da aka yi kiɗan, saboda an yanko shi daga ainihin tef ɗin tun yana sabo. Tsakanin bugun farko da na baya, kuɗin yakan ninka sau da yawa.

Ɗauko wanda samari huɗu ke zaune a jikin bango, ɗaya ya sunkuyar da kai yana karanta mujallar barkwanci ta yara. Eric Clapton ke nan, makaɗin jita, mujallar kuma Beano ce, shi ya sa a nan ba a kiran faifan da sunansa na Blues Breakers, sai dai a ce faifan Beano. John Mayall ne jagoran ƙungiyar (ya rasu a 2024 yana da shekara 90), kamfanin Decca ya fitar da shi a 1966. Zaro faifan ka dubi takardar tsakiya. In ja ce, lambar LK 4804 ce, kuma sunan Decca yana tsaye a sake ba a kewaye shi da akwati ba, to muna kan hanya. In sunan yana cikin ɗan akwati mai kusurwa huɗu, bugun baya ne, don sai wajen 1970 suka koma haka. Jar takarda a Decca tana nufin mono, wato sauti ta hanya ɗaya, shuɗiya kuma sitiriyo. A wannan faifan na mono ake nema, kuma ni ma na yarda da su: jitar Clapton a nan tana fitowa a dunƙule, da kauri, ba a watsa makaɗan hagu da dama ba.

Daga nan sai aikin ido. Tsakanin waƙar ƙarshe da takardar tsakiya akwai wani fili mai santsi. Ka fita tsakar gida da hantsi, ka karkata faifan rana ta haska wurin, za ka ga ƙananan lambobi da haruffa a sassaƙe. Doguwar lambar tana ƙarewa da wani abu kamar 1A ko 4A. Lambar tana faɗin karo na nawa aka yanka uwar faifan, harafin kuma alamar injiniyan da ya yanka ne. Ƙaramar lamba ta fi, ko da yake akwai faya-fayan da yankan farko bai taɓa shiga kasuwa ba, da na biyu ko na uku aka fara. Can gefe kuma akwai harafi ɗaya ko biyu su kaɗai. Wannan lissafin hatimin ƙarfen da aka matsa faifan da shi ne, kuma a ɓoye suka yi shi. Decca sun ɗauki kalmar BUCKINGHAM, B ɗaya, U biyu, C uku, har zuwa ƙarshe. Kamfanin EMI kuma GRAMOPHLTD suke amfani da ita. Kamar hatimin ofis ne, bugun farko-farko ya fi fita tsaf kafin ya soma cinyewa. Ranar da na fara karanta waɗannan haruffa da kaina, uwargida ta ce na zama mai duba.

Wanda ya fi sa ni tashi zaune shi ne mai hoton jirgin balan-balan yana cin wuta, faifan farko na ƙungiyar Led Zeppelin, 1969, kamfanin Atlantic, lamba 588171. Hotonka ya yi duhu, na kasa gane launin rubutun sunan. In ruwan lemo ne, faifai ne mai kyau amma akwai shi da yawa. In shuɗi ne mai haske da ya ɗan karkata zuwa kore, wannan kwalin farko ne da aka janye ba da jimawa ba, kuma mai lafiya yakan haura fam dubu. Takardar tsakiyarsa ja ce da shunayya mai duhu, kuma ka nemi kalmar Superhype a wurin da aka rubuta masu haƙƙin waƙoƙin. Launi kaɗai ne ya raba su, kiɗan ɗaya ne. Abin yana ba ni dariya, amma haka kasuwar take.

Sauran ba sai na tsawaita ba. Na ƙungiyar Cream, Fresh Cream na 1966 da Disraeli Gears na 1967, sunan kamfanin Reaction ake so a tsakiya, ba Polydor ko RSO ba. Mai hoton kare da bolar shara na ƙungiyar Fleetwood Mac ne na 1968, zamanin makaɗin jitarsu Peter Green, a kamfanin Blue Horizon, kuma in ka tambaye ni, Green ya fi Clapton taɓa zuciya. Na ƙungiyar Free na farko-farko, takardar kamfanin Island ta farko ruwan hoda ce gaba ɗaya. Mai bishiyar dabino a tsakiya daga baya ta zo. Duk kwalin da ka ga layukan nan na kanti da ake haskawa da na'ura a bayansa, ajiye shi gefe, sabon bugu ne.

To amma duk wannan bayani yana iya rushewa a kan lafiyar faifan, kuma nan ne tsorona yake. Mujallar Record Collector ta nan tana da ma'aunin da 'yan kasuwa ke bi, daga Mint, wanda kamar ba a taɓa shi ba, zuwa ƙasa. Farashin da kake gani a littafinsu na Mint ne. Wanda aka ji daɗinsa sosai amma aka kula da shi, kusan rabi yake samu. Mai karcen da farce ke jin sa, ko wanda ya lanƙwashe, ko wanda gara ta ci kwalinsa, ya faɗi warwas. Kawu kuma na san shi da rubuta sunansa da biro a kan kowane abu nasa, wannan ma yana rage kuɗi. In ka leƙa Discogs, shafin intanet da ake cinikin faya-fayai, kada farashin da masu sayarwa ke nema ya ruɗe ka, dubi abin da aka saya a zahiri.

Kafin mu gama magana, a fitar da akwatin daga ɗakin kwano, zafin bazara yana lanƙwasa roba. A jera su a tsaye, ba a ɗora wani kan wani ba. Kada a goge su da kananzir ko omo ko tsumma, ƙurar hunturu da ke cikin tsagin ita za ta karce su. Bar wankin sai na turo maka burushin da ake yi da shi. Kuma don Allah kada wani ya gwada su a tsohon garmahon nan da ake murɗawa da hannu, mai allurar ƙarfe. Na faya-fayan da ne masu juyi 78 a minti ɗaya, waɗannan kuwa 33 suke juyawa, sau ɗaya zai nome tsagin.

Wani abu kuma. Ka ce akwai na gida a ƙasan akwatin da ba ka ɗauka ba don kana ganin ba su ake nema ba. Ɗauko su. Ginger Baker, mai gangar Cream, ya ratso Sahara da mota ya zauna a Legas a farkon shekarun 1970, ya buɗe ɗakin ɗaukar sauti a Ikeja, har suka yi faifai da Fela a 1971. Bugun Najeriya na wancan zamani ana rububinsa a nan, wani ma ya fi na Turawan tsada.

Abin da nake so: kowane faifai hoto huɗu, gaban kwali da bayansa, takardar tsakiya, da filin nan mai santsi a cikin rana. Fara da mai jirgin balan-balan. Ka gaya wa masu rabo su ɗan dakata da wannan kason, zan rubuto musu ƙiyasi ɗaya bayan ɗaya.

Ka gaida Hajiya da amarya da yara, da duk mutanen majalisa.

Naka amini,
daga Landan