Wasiƙa zuwa ga aminina kan tsohuwar a-kori-kurar da ya saya

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Saƙonka ya iso, hotunan motar ma na duba su ɗaya bayan ɗaya. Allah ya sanya alheri. Sai dai na ga hankalinka ya riga ya tafi kan manyan tayoyi da launin fenti, shi ya sa na yi hanzarin rubuto maka. Don Allah kada ka sayi komai sai ka san halin da shasi yake ciki, domin inji da bodi da sifirin duk a kansa suke zaune.

A wanke ƙarƙashinta da ruwa mai ƙarfi, ta bushe, sannan ka shiga da tocila da ƙaramar guduma da sukundireba. Ka bi shasin kana ƙwanƙwasawa. Ƙarfe mai lafiya ƙararsa garau take fita, wanda ya ruɓe kuwa a dushe za ka ji shi, wani lokaci ma sukundireba ta burma. Inda shasin yake a rufe ta kowane gefe kamar akwati, ta ciki tsatsa ke cin sa: laka na shiga ta ramuka, ta kwanta, ta riƙe danshi shekara da shekaru, waje yana kyau alhali ciki ya gama lalacewa. Ka fi tsananta bincike inda aka rataye sifirin na baya, da ƙarafan da suka gitta tsakanin ɓangarorin biyu, da saman tankin mai, da wurin da akwatin sitiyari ya ɗauru. Tsatsar da buroshin waya ke gogewa ba abin damuwa ba ce. Wadda ke ɓarewa falle-falle ita ce ta ci ƙarfe. Ka kuma auna shasin a gicciye, daga gaba ta hagu zuwa baya ta dama, sannan ka juya. Idan awo biyun suka bambanta sosai, ya karkace, kuma tayoyi ba za su daina cinyewa ta gefe ɗaya ba. In ruɓar ta kama wurare da yawa, a ganina neman wani shasin ya fi faci a kan faci.

In wuri ɗaya ne ko biyu, walda za ta yi. Kafin nan a cire kan batir, a sauke tankin mai gaba ɗaya, ko da babu komai a ciki, domin tururin ne ke kamawa. Babban kuskuren da ake yi shi ne ɗora sabon ƙarfe a kan ruɓaɓɓe. Ruwa zai shiga tsakaninsu, tsatsa ta ci gaba da aikinta a ɓoye. A yanke har sai an kai ƙarfe mai sheƙi, a yanko faci mai kauri daidai da na asali, galibi milimita 3 zuwa 4, ya zauna cikin ramin cif. Idan za a ƙara wani a kai don ƙarfi, a fiƙe bakinsa biyu kamar kan kibiya, kada layin walda ya miƙe daga sama zuwa ƙasa, saboda shasi yana lanƙwasawa kaɗan a hanya, kuma a irin wannan layin yake tsagewa. Kwanon bodi kuwa kaurinsa wajen milimita 1 ne kawai, zafi kaɗan ke murɗe shi. Sai a riƙa ɗiga walda nan da can, ana bari yana hucewa. Fila, wato kwaɓin da ake shafa wa bodi kafin fenti, ta gyara fuska ce kawai, kada ta wuce milimita 3, kuma ba a toshe rami da ita.

Bayan walda a shafa maganin tsatsa mai sinadarin fosforik, a bi da firamar ifoksi, sannan fenti. Cikin shasi a fesa masa kakin hana tsatsa ta ramukan nan, amma a bar ramukan zubar ruwa a buɗe.

Birki ne na gaba, kafin inji. Bututun birki na ƙarfe suna tsatsa daidai inda maƙalai suka riƙe su, kuma ba sa nuna alama sai ranar da ka taka da ƙarfi su fashe. Ka canza su duka, har da tiyo na roba, ka zubar da tsohon man birki domin yana shan danshi.

Injin da ya daɗe a ajiye, kada ka yi gaggawar ba shi wuta. Ka cire filogi, ka zuba cokali ɗaya na baƙin mai a kowace silinda, ya kwana, sannan ka juya injin da hannu da sifana. Idan ya juya ba turjiya, a canza baƙin mai da filta da ruwan lagireto, a wanke tanki da kafireto. In bel ne ke juya taimin, canza shi ko da ya yi kama da sabo, roba tana tsufa a zaune. A gwada matsin silindoji. Bambancin da ya wuce kashi 10 cikin 100 tsakaninsu alama ce ta ringi ko bawul.

Ka buɗe man aksul na gaba da na baya, da na ƙaramin giyabos ɗin da ke raba ƙarfi tsakaninsu. In ya fito fari-fari kamar madara, ruwa ya shiga, sai a duba boris da sil. Aksul yawanci 80W-90 mai lambar GL-5 yake sha. Kuma idan irin motar nan ce da direba ke saka giyar ƙafa huɗu da hannunsa, kada ka yi tafiya da ita a haka a kan busasshiyar kwalta. Tayoyin gaba da na baya ba tafiya ɗaya suke yi a kwana ba, in babu ƙasar da za su ɗan zame, farfela, wato sandar da ke kai ƙarfi zuwa aksul, da haƙoran giya ne za su ɗauki wahalar.

To, yanzu ga maganar da ka fi so. In za ka ɗaga motar, ɗagin santimita 5 ya ishe ka. In ka wuce haka, farfela za ta karkata har ta fara girgiza, tiyon birki ya gajarce, sitiyari ya daina komowa tsakiya da kansa, motar kuma ta fi saurin kifewa a kwana. Ƙusoshin da ke ɗaure sifirin da aksul a sa sababbi, a sake matse su bayan 'yar tafiya. Na bushin kuwa sai mota ta sauka kan ƙafafunta ake ƙarasa ɗaure su, in ba haka ba robar za ta yage da wuri.

Taya ma da lissafinta. Ƙara tsayin taya daga inci 29 zuwa 33 ƙarin kusan kashi 14 cikin 100 ne, motar za ta yi nauyin tashi, kulochi ya sha wuya, birki ya rage kamu, agogon gudu kuma ya riƙa nuna ƙasa da gaskiya. Idan giyar aksul ɗinka 4.10 ce, wato farfela ta juya sau 4.10 kafin taya ta juya sau ɗaya, lissafin dawo da ƙarfin motar ya kai ka wajen 4.67, wato sai ka zaɓi 4.56 ko 4.88, kuma dole gaba da baya su zama iri ɗaya. Ni dai inci 31 zan ba ka shawara, ba sai ka taɓa aksul ba.

Idan ka gama ƙwanƙwasa shasin, ka turo mini hoton wajen maratayin sifirin na baya, hagu da dama, tare da awon nan biyu. Ka gaishe mini da mutanen gida.

Naka,
amininka.