Amsa ga ɗana da ya tambaye ni ko jinin sojojinmu banza ne

Assalamu alaikum.

Ɗana, an nuna mini abin da ka rubuta a Facebook bayan hirar da aka yi da ni a rediyo, inda na ce kowane yaƙi asara ne har ga wanda ya ci shi, na kuma roƙi mawaƙanmu da marubutanmu su daina yi masa kwalliya. Tambaya biyu ka jefo mini a bainar jama'a. Ka ce da Ɗan Kasawa, sarkin da ya kafa garin nan, ya yi tunani irin nawa, da yau akwai garin da ake kira Maraɗi? Sannan ka ce: "Mushe, ashe jinin sojojinmu banza ne a wurinka?" Ka ƙara da cewa tsufa ne ya sa mini tsoro, kuma wataƙila wata ƙungiyar Turawa ce ke cika mini aljihu. Maganar aljihu ba zan tsaya a kanta ba. Mutanen unguwarmu sun san gidana, sun san abin da ake dafawa a cikinsa, kai ma ka san ba ka da shaida. Tsoro kuwa ina jin sa, amma shekaruna sun wuce a kira ni fagen daga, saboda haka irinku nake ji wa.

Tambayarka ta biyu ce ta sosa mini rai, kuma ban yi zaton za ta fito daga bakin wanda ya zauna a ajina ba. Na ƙare ƙuruciyata da alli a hannu. Cikin yaran da na koya wa riƙon alƙalami akwai waɗanda suka sa kaki, akwai kuma waɗanda aka tura Diffa ko yammacin ƙasa ba su dawo ba. A watan Disamba na 2019 an kashe mana soja 71 a Inates. Ba a yi cikakken wata ba aka kashe 89 a Shinagodar. Ku kuna rubuta adadin, ku ce Allah ya jiƙan mazaje, washegari ku koma wata hira. Ni na zauna a tabarmar makoki irin wannan. Na ga uban da ba a ba shi gawa ya wanke ba, labari kawai aka kawo masa. Na san yarinyar da ta shiga takaba da goyo a baya, aka yi sadakar arba'in jama'a suka watse, ta cika wata huɗu da kwana goma, ta koma yawo daga wannan ofis zuwa wancan da takardun mijinta a cikin leda. Ɗan da take goyo yau ya isa lakwal, kuma idan aka tambaye shi ubansa, hoto yake nunawa. Idan na ce yaƙi asara ne, wannan nake lissafawa. Wanda ya ɗauki jini banza ba ya zama ya ƙirga abin da zubarsa ta jawo wa gida guda. Don yana da tsada a wurina nake ƙin a riƙa neman ƙarinsa da kiɗa.

Ban taɓa cewa kada a tsare ƙasa ba. Mutanen Gabi da na karkarar Madarunfa da ake shigo wa cikin dare a kore musu shanu, a tafi da matansu sai an biya kuɗin fansa, suna da haƙƙin a kare su da bindiga, kuma sojan da ya kwana a daji dominsu ya fi ni da kai lada. Sai dai akwai tazara tsakanin mutumin da aka tilasta wa ɗaukar makami da wanda ke ɗokin ranar. Allah da kansa, da ya wajabta yaƙi a cikin Suratul Baƙara, ya ce abin ƙi ne a gare ku. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana a yi burin haɗuwa da abokin gaba, ya ce a roƙi Allah lafiya, in kuma an haɗu a yi haƙuri. Abin da na faɗa a rediyo bai wuce nan ba.

To, mu zo kan Ɗan Kasawa, tunda da shi ka so ka rufe mini baki. Ka yi magana kamar nasara ce ta haifi garin nan. Masarautar da kake taƙama da ita gudun hijira ne ya kawo ta bakin gulbi. Birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi a 1807, aka bi sarakunan Haɓe har Dankama, inda ake ba da labarin sarkinsu Magajin Halidu ya faɗa rijiya don baƙin ciki. Waɗanda suka tsira suka yi shekaru suna raɓe a ƙasar Damagaram kafin su samu wurin zama a nan wajen 1819. Har gobe sarautar sunanta Sarkin Katsina, wato sunan gidan da aka rasa. Gobirawan Tsibiri ma haka, Alƙalawa aka ci a 1808 suka watse. A 1836 aka haɗu a Gawakuke, rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta kashe Sarkin Gobir Ali da Rauda na Maraɗi a rana guda. Daga baya sarkin Maraɗi Ɗan Baskore ya rama, ya yi ta kai hari har cikin ƙasar Kano da Zazzau, makaɗa kuma suna ta zuga shi har yau. Ni ma jinina yakan motsa idan na ji kirarinsa, domin ɗan garin nan ne ni. Amma su wa aka kamo a waɗannan hare-hare? Manoma ne masu harshe irin namu, masu salla irin tamu, aka ɗaure su aka kai kasuwa, kamar yadda dakarun wancan ɓangare suke kama namu. Ƙauyukan da ke tsakanin nan da Katsina suka zama kufai, ƙasar Ruma ta koma daji. An kusa shekara ɗari ana wannan, Katsina ba ta dawo hannun Haɓe ba, Sakkwato kuma ba ta ci Maraɗi ba. Da Turawa suka iso, sun tarar da mutanen da suka gajiyar da juna. A 1899 ayarin hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine ya ƙone Birnin Ƙonni, ya bi ƙauyuka yana kisa har kusa da Tasawa, kuma yawancin masu riƙe da bindigogin baƙaƙen fata ne 'yan'uwanmu. Kaburburan jagororin biyu suna nan a Maijirgi, kowa ya san wurin. Na dubban da suka kashe, wa zai nuna maka?

Don haka amsata ita ce, i, Ɗan Kasawa ya yi abin da ya zame masa dole, kuma ina girmama shi. Amma duk wanda ya karanta tarihin garin nan ya fito da sha'awar yaƙi, kirarin sarakuna kaɗai ya saurara, bai tambayi talakawansu ba.

Kuma kada ka zaci matsorata ne kawai ke irin wannan tunani. Abdullahi ɗan Fodiyo shi ya ja runduna a Tabkin Kwatto a 1804, ba a fi shi sanin takobi ba. Ya rayu ya ga yaƙin Tsuntsuwa, inda aka rasa mutum wajen dubu biyu, cikinsu da mahaddata Alƙur'ani kusan ɗari biyu. Bayan shekara uku ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar ba zai dawo ba, sai a Kano aka tsayar da shi. Abin da ya kore shi kuwa ya rubuta shi a waƙe: mutanen kirki sun ƙare a fagen fama, waɗanda suka rage sun koma neman mulki da dawaki da ƙwaraƙwarai da manyan riguna. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni tsoro game da yaƙi, fiye da mutuwar kanta. Yana fara cin waɗanda suka fi gaskiya, domin su ke shiga gaba, ya bar ganima ga waɗanda suka iya laɓewa. Yana kuma sauya wanda ya ci nasara, ya saba masa da abin da a da yake ƙyama. Shehu Laminu na Borno ma ya yi ta musayar wasiƙu da Muhammadu Bello yana tambayarsa da wace hujja ake yaƙar Musulmi, Bello kuma ya zauna ya ba shi amsa da hujja a rubuce, ana tsakiyar gaba. Su da suka yi yaƙin da hannunsu sun yarda a yi musu tambaya. Yau kuwa tsohon malamin makaranta ya yi tambaya, sai a ce an saye shi.

Kai kanka ka ɗanɗana, ko da ba a harba harsashi ko ɗaya ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta yi barazanar kawo soja, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wuta. Hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da garin nan ke numfashi da ita ta tsaya har watan Maris na 2024. Ka ga yadda shinkafa da magani suka yi tsada, ka ga 'yan dako da direbobi zaune a tasha babu abin kai wa gida. Inuwar yaƙi ke nan kawai. Da an yi shi, da wa za ka harba a Jibiya, in ba ɗan gwaggonka ba? Cikin waɗanda suka zo Yamai neman sulhu a lokacin har da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, jinin Bellon da ya yi Gawakuke, kuma tsohon janar na soja. Ko shi ma tsufa ne ya sa masa tsoro?

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, ɗana, ya wuce kai kaɗai. An wayi gari a ƙasar nan duk wanda ya ambaci sulhu ko ya tambayi halin da marayun soja ke ciki, sai a laƙaba masa cin amanar ƙasa. Masu laƙabawar kuma, na lura, 'ya'yansu suna jami'a, ba sa bariki. Ɗan talakan da ya rasa aiki shi ke shiga layin ɗaukar soja. Mawaƙi ya shiga situdiyo ya rera ta zuga, a biya shi, babu wanda ya yi wa matar mamaci baiti ɗaya. Tun 2019 dubban mutanen Zamfara da Sakkwato da Katsina suke gudowa yankin Gidan Runji, an tsugunar da wasu a Garin Kaka da Cadakori da Ɗan Daji Makau, tafiyar da ba ta kai yini ba daga inda kake zaune, amma ban ga marubutanmu sun je sun ɗauko labarinsu ba. Ba na so in zarge ka da abin da ban tabbatar ba, sai dai na lura tun da ka fara irin wannan rubutu mabiyanka suka ƙaru, aka fara kiranka taro ana ba ka kujerar gaba. Ka bincika zuciyarka ka ga ko kishin ƙasa ne kaɗai ya sa ka zaɓi malaminka ka yi tsani da shi.

Ba zan janye ko kalma ɗaya daga abin da na faɗa a rediyo ba. Ni ma ga tawa tambayar, kuma a bainar jama'a nake so ka amsa ta kamar yadda ka yi mini. Cikin sojojin da ka ce na raina jininsu, gidan wane ka taɓa shiga bayan an share makoki, kuma 'ya'yansa nawa ne ke zuwa makaranta a bana? Idan kana son a raka ka, na san gidajen, ka kuma san nawa.

Wassalam.

Malaminka na dā,
Maraɗi