Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Ministan Lafiya Kan Larurar Swyer

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum.

'Yar ƙanwata ta kai shekara 18 ko ƙirgar dangi ba ta fara ba, balle a yi zancen al'ada. Shekara uku muna fama da rubutu da turare da jiƙe-jiƙe. Wasu suka ce namijin dare ne ya aure ta. Wata maƙwabciya kuwa ta bi gida-gida tana cewa mata-maza ce, har yarinyar ta daina leƙa ƙofar gida. A wani asibiti ma cewa aka yi mu koma, wai aure zai gyara.

Sai da muka sayar da keken ɗinki aka yi gwajin ƙwayoyin halitta, sannan muka ji sunan abin: larurar Swyer, wadda wani likitan Ingila, Gerald Swyer, ya bayyana a 1955. Kimanin haihuwa ɗaya cikin 80,000 ke zuwa da ita. Yarinya ce da mahaifarta da komai nata na mace, sai dai ƙwayoyin halittarta XY ne, irin waɗanda aka saba gani a jikin namiji, kuma gurbin ƙwan haihuwarta bai nuna ba, ya tsaya kamar zare, ba ya fitar da sinadarin da ke kawo balaga.

Abin da ya hana ni barci, ranka ya daɗe, shi ne wannan zaren na iya rikiɗewa ya zama sankara. Shi ya sa likitoci ke cire shi da zarar an gane. Ashe duk shekarun nan muna kai ta wajen masu magani ne da wuta a cikinta!

Roƙona shi ne a umarci ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi: duk yarinyar da ta kai 13 babu alamar nono, ko 15 babu al'ada, a tura ta babban asibiti, kada a ce ta jira. Gwajin nan da maganin da za ta sha shekara da shekaru don kare ƙasusuwanta, a sa su cikin inshorar lafiya ta ƙasa, wato NHIA. Talaka ba zai iya ba.

An yi mata aikin, Alhamdu lillahi. Wata bakwai da fara magani jikinta ya soma sauyawa, jiya ma da kanta ta ce a kai ta wajen tela.

Wassalam,
Wata uwa daga Zariya